Mahaƙin Rijiya a Tsaunin Zamharira

Ku gyara zama ku ji labarin da mutanen Tudun Marke suke bayarwa har yau, wanda in suna bayar da shi za ka ga kafaɗunsu sun ɗaga.

A garin nan an yi wani mahaƙin rijiya ana ce masa Arzika. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru saboda riƙon dagi. Abin da yake tinƙaho da shi guda ne: tun da ya fara shiga rami, rijiya ba ta taɓa ruftawa da wanda ke aiki tare da shi ba. In ya ɗebi ƙasa ya murza a yatsa, zai gaya maka wadda za ta tsaya da wadda za ta ci amana. Mai riƙe masa igiya kuwa taubashinsa ne, ɗan kawunsa Korau, wani ƙato mai tumbi da jar hula, wanda bakinsa ba ya hutawa da zolaya, aljihunsa kuma ba ya rabo da ƙullin yaji.

Wata bazara da rana tsaka, Arzika na can ƙasan wata sabuwar rijiya gumi na zuba, sai ya ɗaga dagi ya soka, dagin ya wuce zuruf kamar ya soki iska. Wani sanyi ya buso ta ramin, irin wanda bai taɓa ji ba, har gumin goshinsa ya daskare. Wani farin gari mai laushi ya biyo baya. Ya ɗiba a hannu, sai ya narke ya zama ruwa. Kafin ya gama mamaki, ƙasan rijiyar ya buɗe kamar ƙofa, wata doguwar mace ta fito, fara fat, gashinta kamar zaren auduga, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Ta ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai ɗan Adam mai buɗe cikin ƙasa. Ni ce Saljatu, jakadiyar Sarauniyar Zamharira, ƙasar da ruwan sama ke sauka fari ya kwanta bisa duwatsu ba ya gudu. Na ratsa garuruwa ina tambayar wa ya fi kowa iya ciro abin da ke binne, duk inda na tsaya sunanka ake ambata."

Arzika ya yi bisimilla a zuciyarsa, ya amsa sallama, ya tambaye ta abin da ke tafe da ita.

Ta gaya masa cewa a ƙasarsu, in sanyi ya kai maƙura, sukan tara 'ya'yansu a wani babban zauren dutse a gindin tsauni, su yi barci har sanyin ya sassauta. To bana dusar ƙanƙarar da ke kwance a gangaren tsaunin ta zaftare, ta sauko da ruri, ta binne zauren da yaran duka. Kowane yaro yana da ɗan haske a ƙirji kamar fitila. In iska ta ƙare masa hasken zai mutu, shi kuma ya zama ƙanƙara har abada. Su kuwa mutanen Zamharira ba su da nauyi. Suna tafiya bisa dusar ba sa barin sawu, amma ko cikin ludayi ba sa iya kwashewa. Sun kewaye wurin suna kuka, babu abin da za su iya.

"Faɗi abin da kake so a ba ka," in ji ta, "ko da rabin taskar Sarauniya ne."

Arzika ya ɓata rai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a sana'armu in rami ya rufta da mutum ba a tsayawa ciniki, ba a kuma tambayar ɗan waye. Sharaɗina biyu ne. Mai riƙe mini igiya zai bi ni. Sannan inda na ce a taka, nan za a taka. Inda na ce a'a, ko Sarauniyarku ce ta zo da kanta, a'a ne."

Saljatu ta rantse masa da Wanda ya halicci zafi da sanyi. Arzika ya girgiza igiya, ya kira Korau ya sauko da kayan aiki. Korau ya sauko yana mita, shebur da diga a baya, wata doguwar igiya nannaɗe a kafaɗa. Da ya ga aljanar sai ya ce dama ya san wata rana ɗan gwaggonsa zai haƙo musu abin da ya fi ƙarfinsu. Amma bai ja da baya ba.

Suka bi ta ƙofar. Suka ratsa wani dogon kogo mai tsinin ƙanƙara rataye a rufinsa. Suka fito bakin wani kogi da ya daskare ya zama kamar madubi, kifaye na barci a cikinsa ido buɗe, suka ƙetare shi da rarrafe. A can ƙetare suka tarar da garken fararen raguna, kowanne ya kai raƙumi, sun zubar da tsohon gashinsu a kan ƙayoyi. Da yake haƙoran mutanen biyu sun fara haɗuwa da juna, sai suka tattara gashin suka nannaɗe jikinsu. Nan babban ragon ya tare musu hanya, ya sunkuyar da ƙaho, ya ce da murya kamar tsawa mai nisa, "Ku 'yan ƙasar rana, me ya raba ku da ɗuminku har kuke tsintar rigunanmu?"

Arzika ya ce, "An ce mana akwai yara a binne."

Ragon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya durƙusa. Suka hau bayansa, ya yi ta keta farin daji da su har gindin tsaunin Zamharira, wanda kansa ya shige cikin gajimare. A nan ya sauke su, ya ce shi ba zai ƙara taku ɗaya ba, domin daga nan zuwa sama nauyi shi ne babban laifi.

Suna sauka suka nutse har ƙugu. Korau ya yi ta fafutika kamar saniya a taɓo, har dabara ta zo masa. Ya karyo ƙananan rassa, ya saƙa su kamar faifai, suka ɗaure a tafin ƙafa, sai ga su suna tafiya a sama.

A nan wani jarumin aljani ya tarye su, mai sulke na ƙanƙara da idanu shuɗɗa. Saljatu ta ce wannan shi ne Barde Jaura, shugaban dakarun Sarauniya, kuma 'yarsa tilo, Raɓa, tana cikin waɗanda ke binne. Barde bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya nuna musu wani faffaɗan gangare, fari sumul, babu dutse babu itace a kansa, ya ce zauren na bayan gangaren nan, in suka yanke ta tsakiyarsa yanzu za su isa.

Suka fara shiga gefen gangaren. Ba su yi nisa ba sai ƙasa ta ce gum a ƙarƙashinsu, kamar an daki babbar ganga da aka lulluɓe da bargo. Dusar ta ɗan nutse, wata tsaga ta fita daga ƙafar Korau ta yi gaba kamar maciji. Arzika ya dakata. Ya san wannan murya. Ya taɓa jin irinta a cikin rami, gab da bango zai saki. Ya ce wa Korau kada ya juya, ya dawo da baya a kan sawunsa, a hankali.

Da suka koma inda ke da dutse, Arzika ya karɓi shebur ya haƙa rami tsayin mutum, ya gyara bangonsa ya miƙe sak. Sai ga cikin dusar hawa-hawa, kamar yadda cikin ƙasa yake. Ya danna hawan sama, dunƙulen hannunsa ya shige. Ya danna na tsakiya, ko yatsa bai shiga ba sai da tsinin dagi. Ya kai hannu can ƙasa, sai wani abu ya zubo masa kamar gishiri mai tsakuwa, ya damƙe shi ya ƙi dunƙuluwa, ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa.

Ya tambayi Saljatu labarin kowane hawa, domin ita ta ga saukarsu. Ta ce na ƙasan nan shi ya fara sauka, ɗan kaɗan, sannan sama ta washe aka daɗe ana tsananin sanyi, har ya rikiɗe ya zama haka. Daga baya aka yi babbar zuba, iska kuma ta bi ta daddaɓe ta. Arzika ya gyaɗa kai. Ya yanka wani ginshiƙi a bangon ramin, ya raba shi da gefe da baya, ya ɗora tafin hannu a kansa ya ɗan bubbuga. Bugun bai kai na mai lallashin jariri ba, amma duk daskararren hawan ya sulɓe ya faɗo gabansa, kamar faifai daga bakin ƙwarya.

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Marmara ce a kan rairayi. Ba za mu bi nan ba. Ta doron tsauni za mu zaga, inda iska ta share har dutse ya fito."

Idanun Barde Jaura suka yi wuta. Ya ce, "Ya kai ɗan yumɓu, zagayen nan zai ci mana rabin yini. Hasken 'yata yana raguwa kai kana wasa da gari a rami. Ashe wanda aka yi mana kirarinsa matsoraci ne?"

Arzika bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Barde, kai ka bi ta kan gangaren nan sau dubu bai san ka wuce ba. Ni da ɗan kawuna muna da nauyi, kuma ya riga ya yi mana magana. In muka shiga zai tafi da mu, a wayi gari masu tono su ma suna jiran mai tono. Ban taɓa sa ƙafar mutumina a inda na ga cikinsa ruɓaɓɓe ba, ba kuwa zan fara yau ba."

Barde ya juya ga Saljatu, ita kuwa ta tuna masa da rantsuwar da ta yi da sunan Sarauniya. Ya haɗiye fushinsa ya wuce gaba, bai sake duban Arzika ba.

Suka hau doron tsauni, iska na yankar fuska kamar aska. Can sama suka tarar da wata tsohuwa, tsayinta ya kai rimi, riƙe da tsintsiya. Tana share dusa daga wannan gefe tana watsa ta wancan, har ta taru a bakin doron ta lanƙwasa ta yi leɓe a kan sarari. Arzika ya leƙa ƙasa, sai ya ga tudun da ya binne zauren, ya kuma ga rabin dusar gangaren bai sauka ba, yana nan rataye a saman tudun, tsohuwa kuwa sai ƙara masa kaya take yi.

Ya gaishe ta da ladabi, ya roƙe ta ta ajiye tsintsiya. Ta ce, "Ɗan Adam, tun ranar da aka kafa tsaunin nan nake shara, ban taɓa jin abin da ya sa na tsaya ba. In kana da abin da ban taɓa ji ba, kawo. In babu, matsa kada in haɗa da kai."

Arzika ya waiwayi taubashinsa. Sai Korau ya matso, ya durƙusa, ya kwance ƙullinsa ya ce, "Kaka, ga ɗan tsaraba daga ƙasarmu. A lasa kaɗan." Tsohuwa ta juye yajin duka a baki. Ta tsaya cak. Idanunta suka kawo ruwa, tsintsiya ta faɗi, ta zauna daɓas tana fifita harshe da hannu biyu. Da ƙyar ta iya cewa, "Mene ne wannan mai cizo ba haƙori?" Korau ya ce sunansa zafi. Ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga inda abin nan zai kai ta. Nan take iska ta kwanta.

Arzika ya tsaya yana nazarin gangaren. Ya san ba zai yi tono a ƙarƙashin wancan kaya ba, balle ga rana tana juyowa ta fara lasarsa. Ya lura akwai wani hancin dutse da ya raba gangaren biyu, ɗaya ɓangaren na zubawa kan zauren, ɗaya na zubawa cikin wani kwazazzabo da babu kowa. In aka karya leɓen ta gefen kwazazzabon, kayan zai ja ya bi can. Ya bayyana wa Korau. Suka zagaya igiya ta ƙarƙashin leɓen, kowa ya kama baki ɗaya, suka tsaya nesa da juna suna ja suna saki kamar masu zarto.

Igiya ta ci, ta ci. Sai leɓen ya karye ya faɗa, gangaren ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, ya farfashe kamar tukunya, ya tafi da wani ruri da ya girgiza haƙarƙarin Arzika. Ya bi kwazazzabon kamar yadda Arzika ya ƙiyasta. Amma karayar ta ciyo baya fiye da inda ya zata, ta bi ta ƙarƙashin ƙafafun Korau. Igiya ta fizge daga hannun Arzika. Ya ga taubashinsa ya tafi cikin farin hayaƙi, jar hula na nutsewa tana fitowa.

Bai rufe ido ba, bai yi ihu ba. Ya kafa wa hular ido har inda ya gan ta a ƙarshe, ya shaida wurin da wani baƙin dutse da ke kusa. Da hayaƙin ya lafa ya sulala ƙasa ta kan hanyar da zaftarewar ta share, domin yanzu babu abin da ya rage a can da zai sake saukowa. Ya isa ya tarar da tarin dusa ya daskare kamar ginin da aka daɓe. Babu hula, babu hannu, babu motsi. Ya fara soka dagi nan da can.

Ya tambayi Saljatu ko yaran za su iya jira. Ta ce suna da sauran haske har rana ta karkata. Ya ce ɗan Adam kuwa a ƙarƙashin wannan abu ba ya jure abin da ya wuce tsawon sallah ɗaya. Sai ya ga Barde Jaura tsaye a kansa. Ya zaci zai ce a bar wannan a tafi zaure. Amma Barde ya zare hular sulkensa, ya kwanta rub da ciki, ya manna kunne a kan dusar, ya ja jiki gaba, ya sake mannawa. Can ya ɗago ya ce, "A nan akwai wani abu yana bugawa kamar ƙaramar ganga. Mu ba mu da irinsa. Tona nan, ɗan Adam."

Arzika ya soka dagi a hankali, ya ji ya taɓa abu mai taushi. Ya bar dagin a tsaye, ya koma ta gefen gangara ya fara sara da shebur yana watsawa baya. Bai san gajiya ba, bai san sanyi ba. Ya ci karo da kafaɗa, ya bi ta har wuya, ya tone fuska da yatsunsa, ya zaro dusar da ta cika baki da hanci. Fuskar Korau ta yi toka-toka. Arzika ya busa masa iska, ya sake busawa, yana kiran sunan Allah. Sai ƙaton ƙirjin ya motsa. Korau ya yi tari, ya buɗe ido, ya daɗe yana duban wanda ke kansa, sannan ya ce da dasasshiyar murya, "Ɗan gwaggo, ka yi jinkiri. Har na fara sabawa da wurin."

Arzika ya juya fuska gefe, ya goge ido da bayan hannu, ya ce masa ya tashi aiki na jira.

Kafaɗar Korau ɗaya ta goce, amma ya ce hannu ɗaya da ƙafa biyu sun ishe shi. Suka nufi tudun da ya binne zauren. Barde ya sake kwanciya ya saurara, har ya jiyo numfashin yaran, ya nuna inda ƙofa take. Arzika bai haƙa daga sama kamar rijiya ba. Ya fara daga ƙasan tudun ya shiga a karkace, yana sara da diga, yana lanƙwasa rufin ramin kamar bakan gizo don kada ya danne su, Korau na bayansa yana tura abin da aka sare waje. Mutanen Zamharira suka taru tsit a bakin ramin, ba mai iya taimako, ba mai iya tafiya. Rana ta fara karkata. Hannuwan Arzika suka tsattsage, jini na ɗiga yana daskarewa. Can diga ta daki dutse, ya bi gefensa har ya sami ƙofar, ya sa kafaɗa ya tura.

Iska ta shiga. Cikin duhun zauren ƙananan fitilu suka fara farfaɗowa ɗaya bayan ɗaya, yara suka tashi suna miƙa, suka bi ramin suka fita kamar jerin taurari, iyaye na tarye su. Barde na tsaye a bakin rami yana duban fuskar kowane yaro, har na ƙarshe ya fito. Babu Raɓa.

Arzika ya koma ciki da rarrafe. A can lungu, inda dusa ta karya taga ta shigo, ya same ta kwance. Ƙafafunta sun riga sun zama ƙanƙara, hasken ƙirjinta bai fi ƙwayar gero ba. Ya ɗauko ta ya fito. Saljatu ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta ce wannan sai dai ɗumi, kuma duk Zamharira babu mai shi. Ta gargaɗe shi cewa sanyin da ke jikin yarinyar ba irin wanda naman ɗan Adam ke ɗauka ba ne.

Arzika ya buɗe gashin ragon da ke jikinsa, ya rungume yarinyar a ƙirji, ya ɗora hannun hagu a kan ɗan hasken ya rufe. Sanyi ya shige shi kamar an soka masa allurai har ɓargo. Ya cije leɓe. Ya ji yatsunsa suna mutuwa, bai ɗaga ba. Korau ya zo ta baya ya rungume su duka biyu da hannunsa mai lafiya. Suna nan a haka har wani haske ya fara fitowa ta tsakanin yatsun Arzika, ya ƙaru, ya ƙaru, yarinya ta motsa ƙafa, ta buɗe ido ta kira babanta.

Da Arzika ya janye hannu, ƙananan yatsunsa biyu sun yi baƙi, sun bushe kamar itace, ba su sake motsi ba.

Sarauniyar Zamharira ta sauko da kanta cikin farin gajimare, ta yi musu godiya a gaban jama'arta, ta roƙi Arzika ya nuna wa mutanenta abin da ya gani a cikin ramin gwajin nan. Ya ce su ba sa iya tono, amma suna da kunnen da shi ba shi da shi. Ya kai Barde gefen gangare, ya sa ya saurari yadda hawan gishirin nan ke tsiyaya a ƙarƙashi, ya ce duk shekarar da suka ji wannan, kada su kwantar da 'ya'yansu a gindin wurin. Barde ya saurara har ya gane. Sannan ya miƙe, shi da ba ya rusuna wa kowa sai Sarauniya, ya rusuna wa gajeren mahaƙin rijiya, ya ce, "Na kira ka matsoraci a gaban tsauni. A gaban tsaunin nake janyewa. Muddin dusa na sauka a Zamharira, za a san sunan Arzika da na Korau."

Korau ya ce a dai riƙa fara ambaton nasa, tunda shi ya fi girma.

Saljatu ta raka su har ƙasan rijiyarsu, ƙofa ta rufe a bayansu. Suka kama igiyar da ke rataye suka hau da ƙyar, suka fito cikin zafin hantsi. Babu kowa a bakin rijiyar. Ashe ɗan yinin da suka yi a Zamharira kwanaki ne a ƙasar 'yan Adam. Suna shiga gari suka ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan Arzika, dattawa zaune ana karɓar gaisuwa, domin an leƙa rijiya an sauka an duba ba a ga kowa ba, aka ce ƙasa ta haɗiye su. Da mutane suka hango su tafe cikin gashin raguna, wasu suka watse da gudu, wasu suka hau salati.

Mutum ɗaya ce ba ta razana ba. Tabawa, matar Arzika, tun ranar farko ta ƙi zama a karɓi gaisuwa da ita. Duk wadda ta shigo yi mata ta'aziyya sai ta ce ta koma da abarta, rami ba ya cin maigidanta. Kullum sai ta dafa abincinsa ta rufe ta ajiye, mata na cewa baƙin ciki ya taɓa mata hankali. Yanzu ta fito tsakar gida riƙe da muciya, ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a hannun hagunsa.

Ta ce, "Maigida, ina ka kai yatsunka?"

Ya ce, "Wata yarinya aka binne, na ba da su aka fito da ita."

"Ta rayu?"

"Ta rayu."

Tabawa ta kama hannun, ta juya shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗaga shi sama yadda matan da suka cika gidan za su gani da kyau, ta riƙe shi a nan har kowacce ta gani. Daga nan ta sauke, ta ce a naɗe tabarmin ƙofar gida, a kawo wa maigida da Korau ruwan wanke hannu, tuwo na hucewa.